Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Ina da shekara arba'in da tara na sayi motar da ta dace da ɗan shekara ashirin da biyar. Ba ni na auna hakan ba, matata ce, kuma tana tsintar shinkafa ta faɗa, ko kai ba ta ɗago ba.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Birnin Kudu. Babur nake hawa tun kafin in yi aure. Da riɗi ya yi kyau shekara biyu a jere a gonar da na gada can wajen Maruta, sai muka zauna da matata muka yanke shawarar a sayi mota. Mota mai faɗi muka ce, wadda za ta ɗauke mu da yara biyar, a kuma jefa buhu a baya. Da wannan niyyar na hau motar Kano.

Na ga mai faɗin. Ruwan toka ce, ba ta da aibu ko ɗaya. Na shiga na zauna, na ji kamar ina jiran layi a ofishin fansho. Ina fitowa na hangi wata a lungu, ja, ƙarama, ta durƙusa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Ledar kujerunta ma ba a cire ba. Dillalin ya ce wani attajiri ne ya sa aka kawo wa ɗansa, kafin ta iso suka ɓata. Na ce bari dai in zauna a ciki. Kujerar ta riƙe ni ta ko'ina. Na murza makulli, na ɗan taɓa totur. Ina zaune a wurin na yi ta lalube a raina ko akwai wani abu da na taɓa saya don kawai ina son sa, ban tuna komai ba sai wata hula, ita ma ƙanena ya are ta bai dawo da ita ba.

Kafin la'asar na wuce Wudil a cikinta.

Matata ta fito ƙofar gida ta zagaya motar sau ɗaya, a hankali.

"Malam, sauran ƙofofin fa?"

"Haka ake yin ta."

"To. Allah ya sanya alheri."

Ta koma ciki wajen shinkafarta, na bi ta, a nan ta yi mini lissafin shekarun.

Akwai wani bakanike a bakin titin da ya nufi Gwaram, kowa Oga yake ce masa. Kirista ne, mutumin kudu, ya zo garin yana saurayi ga shi har ya yi furfura, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta. Rayuwarsa duk a kan motocin kasuwa ta ƙare, masu ƙofa ɗaure da igiya. Ran da na kai masa tawa don ya duba baƙin mai, sai da ya wanke hannu da omo kafin ya taɓa ta. Ya buɗe gaba ya daɗe yana kallon injin.

"Malam, ka san abin da ka saya kuwa?"

Na ce na san mota ce.

"An toshe mata baki," in ji shi. "Masu ƙera ta sun ji tsoro. Ka ba ni ita kwana uku."

Ba kwana uku ba, wata biyu muka yi muna abu ɗaya. Duk ran Laraba ba ni da darasi bayan tara, sai in wuce gareji. Aka fara da tayoyi: ya samo masu faɗi daga Kano, da baƙaƙen ƙarafunansu. Aka kira mai fenti ya ja farin layi biyu daga goshinta har baya. Aka ɗaura mata wani fiffike a bayan but, wanda Oga ya ce yana danne mota a ƙasa idan tana gudu sosai. Na tambaye shi gudu nawa, ya faɗa, na ga ba ni da titin da zan yi wannan gudun a duk ƙasar Jigawa. Duk da haka na ce a ɗaura.

Salansa, wato bututun hayaƙi, ita ce ta ƙarshe. Ya cire ta asali ya rataye a bango, ya sa wata mai bakin gwangwanin madara. Ya ce in tayar. Na tayar. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya cire baƙin gilashinsa ya leƙo. Wata akuya da ke kwance a ƙarƙashin tsohuwar bas ta tashi ta bar unguwar. Oga ya rufe ido yana saurare kamar mai jin karatun da ya daɗe bai ji ba.

"Yanzu ta yi magana," ya ce.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A makaranta shugabanmu ya roƙe ni in riƙa kashe ta tun daga bakin ƙofa, in gangara da ita haka nan zuwa gindin darbejiya. Matata ta ce ita ba ta da ƙorafi, don yanzu tun ina shataletale take sanin ta zuba abinci.

Matsalar farko hanyar gidanmu ce. Mahaifiyata tana ƙauye, bayan Gwaram ta ɓangaren Maruta, a gidan yayana, kuma duk Asabar nake zuwa gaishe ta. Daga inda kwalta ta ƙare, hanyar ta amalanke ce, rami biyu da tudu a tsakiya. Zuwan farko, ƙasan motar ya daki tudun nan sau uku, kowane duka a ƙirjina nake jin sa. Na juya na ajiye ta a Gwaram, ƙofar shagon wani mai sayar da taki, na hau acaɓa. Mutum ya sayi sabuwar mota ya isa gidansu a bayan babur, wannan ma labari ne, kuma an ba da shi.

Na koma wa Oga na ce a ɗaga ta.

"A ɗaga ta? Malam, mutane kuɗi suke biya a sauke musu irin wannan."

"Su ba a ƙauyenmu aka haife su ba."

Ya ɗaga ta, yana yi yana tsaki. Ya sa mata wasu robobi masu kauri a kan sifirin, ya liƙa mata faranti na ƙarfe a ciki. Da ya gama ya ja da baya ya dube ta, ya ce ta koma kamar amarya da takalmin shiga fadama. Amma Asabar ɗin nan har ƙofar gida na kai.

Inna tana fama da yanar ido shekaru da dama, haske da duhu kawai take rarrabewa. Na same ta a kan kujerarta a tsakar gida, da wankakken zane da ɗankwali, ga kwalli, ga fura an dama tana jira. Aka riƙo hannunta zuwa waje ta shafa motar tun daga fitila har fiffiken.

"Ja ce aka ce."

"Ja ce, Inna."

"Wannan na bayan fa, na shanya ne?"

Na ce a'a, na gudu ne. Ta ce to. Na ce ta shiga in zagaya da ita, ta ce ita ba ta shiga abin da sai an durƙusa masa.

Haka muka yi wata biyar. Duk Asabar in same ta tsaf a kan kujera, mu gaisa, in sha fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in ce lafiyarta fa, ta ce sai godiya.

Sai aka yi rasuwa a Farin Dutse, wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu. Na je ta'aziyya ranar uku. Tun daga nesa na hangi jama'a a kan tabarmi a ƙofar gida, na rage gudu iyakar ragewa, ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Saura kaɗan in tsaya tayar gaba ta faɗa yashi. Ko in taka totur ko in kafe a tsakiyar hanya. Na taka. Daidai lokacin liman ya ɗaga hannu ana addu'a. Ya dakata. Mutum kusan sittin suka juyo da tafukansu a buɗe, suka kalle ni na fito daga jar mota mai farin layi, da hulata da furfurar gemuna. Liman ya jira na zauna, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Bayan an shafa, yayana ya ja ni gefe. Ba mai yawan magana ba ne.

"Kai malami ne," ya ce. "'Ya'yan mutane kake koyarwa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ranar Litinin na je gareji na nuna wa Oga salansar da ke rataye a bango. Bai yi musu ba. Ya sauko da ita, ya kakkaɓe mata ƙura, ya mayar. Da na tayar, sai da na duba allura kafin na tabbata injin yana aiki.

Asabar na isa gida ba wanda ya ji zuwana. Na yi sallama a zaure, shiru, matar yayana ta tafi rijiya. Na shiga. Kujerar Inna tana jingine da bango. Ita kuma tana kwance a kan tabarma a bakin ɗakinta, kai ba ɗankwali, da wani tsohon zane. Ga kwanon koko a gefe ya yi sanyi, ƙuda na bi. Ƙafafunta da kullum zane ke rufe su suna waje, sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Numfashinta ma daga inda nake tsaye ina jin sa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

Ta yunƙura za ta tashi, ta kasa. Ta shiga laluben ɗankwali.

"Ya aka yi ka shigo kamar ɓarawo? Ina motar?"

Da matar yayana ta dawo, ita ta faɗa mini sauran, a bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce duk Asabar tun motar tana gangaren rafi Inna take jin ta. Nan take za ta ce a tashe ta, a kawo ruwa, a ɗauko zanen akwati, a sa mata kwalli, a ɗora ta a kujera. Kafin in iso an gama. Ina juya baya a mayar da ita tabarma. Inna ta kuma hana kowa ya gaya mini, ta ce ina da yara da aikin gwamnati, kada a tayar mini da hankali. Yayana ma ta rantsar da shi.

Na koma na durƙusa a gabanta na ce asibiti za mu, yanzu. Ta ce ba ta zuwa. Na ce to zan kwana nan a tsakar gida, gobe ma haka, har a kore ni daga aiki. Sai ta ce a ɗauko mata zanen akwatin.

Muka kwantar da kujerar gaba muka sa ta. Yayana, wanda ya fi ni tsawo, ya naɗe a baya gwiwoyinsa a haɓa. Na bi hanyar amalanken a hankali. Da muka hau kwalta bayan Gwaram na ɗan ƙara wuta, ina satar kallonta ko za ta tsorata. Ta juyar da fuska wajen taga, iska tana kaɗa bakin mayafinta.

"Iyakar gudun nata ke nan?"

Na ƙara. Yayana ya fara salati a baya. Haka muka tafi har Birnin Kudu.

Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe har ya taɓa zuciya, kuma da an ƙara wata guda da zancen ya canza. Ta yi kwana tara a gado, ta yi wata biyu a gidana. Kafin ta koma aka yi mata aikin ido ɗaya. Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana duban motar.

"Ashe 'yar mitsitsiya ce. Ni da nake jin ta na ɗauka ta kai motar ɗaukar shanu."

Da za ta koma ƙauye ta ce in mayar wa motar da muryarta, ba ta son a riƙa faɗo mata gida ba sanarwa. Na kai wa Oga maganar duka, tun daga Farin Dutse har tabarma. Ya yi kwana biyu yana tunani. A na uku ya haɗa salansar biyu da wani ɗan murfi a tsakani, ya jawo wayar birkin keke har gefen kujerata. In na ja, ta yi ruri. In na saki, ta yi shiru. Ya ce a duk aikin da ya yi a rayuwarsa wannan ne kaɗai ba a wurin kowa ya koya ba.

Yanzu a makaranta da wurin ta'aziyya a sake nake barin wayar. Zuwa ƙauye kuwa, Asabar uku nakan ja ta tun daga gangaren rafi, ta huɗu in shiga shiru in ga yadda ake ciki. Sau biyu dabarar ta yi aiki. Daga nan Inna ta sa aka mayar da kujerarta zaure, inda take hango hanya da idon nan guda tun daga kan tudu, kuma a duk yankin babu wata jar mota sai tawa.