Tsohuwar da Ta Hana Ni Sauka Daga Keke

"Kada ka sauka!" Haka wata tsohuwa ta daka mini tsawa a bakin kwarin Tarka, kan hanyar Rumbu.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma na sayo keke daga Maradi. Da damina nakan bar Dakoro in bi gefen kwari shan iska. Ruwa ya kwanta, rairayi ya dannu, ba mota, sai sawun raƙuma. Amma in ka hango babba, dole ka sauka ka gaishe shi.

Kafin ta rufe baki na dira, na durƙusa. "Inna, ina wuni?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Garinmu gardama ake. Wasu sun ce hawan abin nan ake, wasu sun ce jan shi ake kamar akuya. Na bar dakana na fito in gani, ka kuma sauka!"

Na hau, na yi ta zagaya ta tana guɗa.

Ɗazu jikana ya wuce ni a kan moto, wato babur, ko hannu bai ɗaga ba. Ku a garinku, har yanzu ana sauka?