Kujerar Benedek a Bakin Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wankan garinmu da la'asar ya ga Benedek Sipos. Ga kwamin ruwan zafi yana tururi, ga tsofaffi tsundum har wuya sun kewaye allon darar Turawa, wato ces, da ke gefen kwamin, ga shi kuma a sama, zaune kan wata koriyar kujera 'yar tsugunno, jikinsa a bushe, ƙafafunsa kawai a ruwa. Daga nan yake miƙa hannu ya tura dokinsa. Baƙi kan ɗauka ciwon zuciya gare shi, har su yi masa sannu. Lafiyarsa lau. Shekarunsa sittin da uku, kuma har yau da hannu ɗaya yake ɗaga keke ya rataya a shagonsa na gyaran kekuna.

Da can ba haka yake ba. Yana ɗan shekara shida ubansa ya fara tsoma shi a ruwan nan mai warin farar wuta, tun daga ranar kuwa sai ka ce an haɗa shi da kifi. Ba laifinsa ba ne, haka muke. Ka ce bayanka na ciwo, a ce ka je ruwa. Gwiwa, ruwa. Kun yi faɗa da matarka, ka je ruwa ka yi tunani. Ƙarfe huɗu Benedek zai rufe shago, ya jiƙa kansa awa biyu cur har yatsunsa su yamutse, yana karawa da Kawu Vilmos, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, wanda ya girme shi da shekara ashirin kuma bai taɓa barin ya ci shi ko sau ɗaya ba.

Yana da ashirin da bakwai ya auri Piroska, mai aiki a gidan waya, mace mai sanyin magana da saurin dariya. Sun zauna lafiya, abin sha'awa. Abu ɗaya ne ya tsaya musu a wuya: shekara bakwai, ko ɓatan wata Piroska ba ta taɓa yi ba. Tana son ɗa, so na gaske. In an shigo gidan waya da jariri sai ta rikita canji.

Mahaifiyar Benedek, Margit, ta riga ta yanke hukunci tun a shekara ta biyu. Kowace Lahadi za ta zo cin abincin rana, ta zauna gaban romon kaza, ta ƙare wa surukarta kallo.

“Piroska 'yata, ƙara nama mana. Jikin nan naki ina ɗa zai samu wurin maƙalewa? Mu zuriyarmu ba a rasa haihuwa, uban Beni su tara ne.”

Laifi tudu ne. Ko a mafarki bai taɓa zo wa tsohuwar nan cewa a duba nata ɗan ba. Magani ma ta kawo: mata daga garuruwa masu nisa suna zuwa ruwanmu neman haihuwa, ga shi a ƙofar gida, me Piroska ke jira? Sai Piroska ta fara zuwa kowace safiya kafin aiki. Benedek kuwa, don ƙauna, ya ce ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Ya koma shiga ruwa safe da yamma, yana jin kansa mijin kirki. Shekara biyu suka yi a haka.

Likita Etelka ce ta katse abin. Tsohuwar likita ce a asibitin gunduma, ta san Benedek tun yana yawo da majina. Da ta gama duk gwajin da za ta yi wa Piroska ba ta ga komai ba, sai ta ce a turo mata maigidan. Ya je yana dariya, ya ba da abin da aka nema kunnuwansa jawur. Bayan mako guda, a farkon Oktoba, ta zaunar da su su biyu.

“Beni, ɗana, matarka ƙalau take. Ƙwayoyin maniyyinka ne kaɗan, waɗanda ke akwai ma ragwaye ne, da ƙyar suke motsi. Awa nawa kake yi a ruwan zafi?”

“Uku ne kawai. Wata rana huɗu.”

“Kawai!” Ta buɗe durowa ta ɗauko ƙullin zaren saƙarta ta ajiye masa a gaba. “Dubi nan. Cikin kowane ɗan maraina akwai siraran bututu a cukurkuɗe kamar zaren nan. Da za a warware su a miƙe, sai su wuce tsawon filin ƙwallo biyu. A jikin bangon bututun iyayen iri suke zaune. Kullum suna rabuwa, ɗaya ya tsaya a gida, ɗaya ya matsa ciki. Wanda ya matsa sai ya yi ta rabuwa har kowanne ya tashi da rabin gadonka kawai, don ɗaya rabin daga wajen Piroska zai zo. Da farko dunƙulalle ne, ba kai ba wutsiya. A hankali ya zubar da ƙiba, kai ya fito, wutsiya ta tsiro, ga wasu ƙwayoyi masu reno suna riƙe da shi suna ciyar da shi. Aikin nan kwana saba'in da huɗu yake ci, ko kusa da haka. Sannan ya yi kamar mako biyu a wani bututun na baya, inda yake ƙarasa nuna ya iya iyo.”

Benedek mai aikin hannu ne, wannan ya shige shi. Ashe shekara da shekaru yana ɗauke da masana'anta bai taɓa sanin tsarin aikinta ba.

“Yanzu gaya mini,” in ji likita, “me ya sa Allah ya rataye su a waje bai ɓoye su a ciki ba? Sanyi suke so, digiri biyu ko uku ƙasa da zafin jiki. Kai kuma safe da yamma kana dafa su kamar ƙwan karin kumallo. Ka fita daga ruwan nan. Ban yi maka alkawari ba fa, na wasu kan dawo, na wasu ba ya dawowa. Amma wanda aka fara ƙerawa yau, sai bayan Kirsimeti za mu gan shi.”

Suka kama hanyar gida har suka kai gada. Can ya roƙi Piroska kada ta gaya wa kowa. Ta ce to.

Ruwa ya bari, dara kam bai iya bari ba. Ya ce wa mutane ƙaiƙayin fata ne ya kama shi, ya riƙa tsugunnawa a jiƙaƙƙen dabe yana wasa daga sama. Nan fa aka samu abin yi.

“Beni, rantsuwa ka yi ba za ka ƙara wanka ba?”

“Ku ƙyale shi, kaza ce, tsoron ruwa take.”

“Matso baya kaɗan,” in ji Kawu Vilmos, “kada ƙaiƙayin ya kama mini sarki.”

Lahadi ta uku Margit ta zo a cike. Ko cokali ba ta ɗauka ba ta fara.

“Kin ga abin da kika jawo? Yaron da ba ya kwana ɗaya bai shiga ruwa ba, baƙin ciki ya hana shi. Ƙaiƙayin me? Ni na haife shi, na san abin da ke cin sa.”

Piroska ta dubi mijinta sau ɗaya. Shi kuwa ya dubi romonsa. Ta tashi ta kwashe kwanuka ta shiga kicin. Da ya bi ta, ya tarar tana wanke faranti ɗaya wanda tuni ya fita tas, hawaye na ɗiga a kumfa.

“Piri...”

“Ba komai, Beni. Na ɗauka shekara bakwai, wata uku ba zai kashe ni ba. Koma wajen Mama kada romonka ya huce.”

Kunya irin ta ranar bai taɓa jin ta ba, kuma ta dace da shi. Shi mako uku kawai ya ɗanɗana tsokanar abokai har yana neman wurin ɓuya.

Washegari da la'asar kwamin ya cika. Margit na can ɗaya kusurwar da ƙawayenta, kawunansu a haɗe, kowa ya san zancen wa ake yi. Kawu Vilmos ya ɗago kai ya ce, “Yaya ƙaiƙayi, mai gyaran keke?” Sai Benedek ya miƙe tsaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Ba ni da ƙaiƙayi,” ya ce, da murya har ƙofar shiga. “Mama, ki ji da kyau, ke da 'yan majalisarki. Piroska lafiyarta lau, likita ta auna. Ni ne. Irin nawa ne na dafa a ruwan nan shekara da shekaru. An ce in fita wata uku a gani ko zai farfaɗo. Wanda ke da dariya ya yi yanzu, ina jira.”

Kawu Vilmos ya sosa sanƙonsa ya ce, “To, in ka gama wa'azi, kai ke da tafiya. Dokinka na cikin hatsari.” Sannan aka yi dariyar, amma ba irin wadda Benedek ya ji tsoro ba.

Margit ta fita daga ruwa ba ta kalli kowa ba. Ba ta taɓa ba Piroska haƙuri da baki ba, har ta koma ga Allah. Amma kashegari aka gan ta tafe tun daga unguwarsu, rungume da koriyar kujerar kicin ɗinta. Ta dire ta a bakin kwami ta ce, “Zauna, kada sanyin dabe ya kama ka.” Lahadin da ta biyo kuma, cinyar kaza a farantin Piroska ta sauka, ba tare da wata magana a kai ba.

Benedek ya ja layuka da alli a bangon shago, kullum ya soke ɗaya. Hunturu ya shigo, ƙanƙara na zuba, abokai na can cikin tururi suna nishin daɗi, shi yana kan kujera cikin kwat da hular ulu, hancinsa na yoyo. Yakan ce wa Piroska, “Na yau sun fara fitar da wutsiya,” ta yi dariya har ta riƙe ciki. A Janairu likita ta ce an ɗan samu ci gaba. A Afrilu ta ce yanzu kam sun san inda suka dosa. Ya goge bango ya sake jan sababbin layuka.

Wata la'asar a Satumba yana gab da cin Kawu Vilmos karo na farko a rayuwarsa, tafiya biyu ta rage. Sai ga Piroska ta shigo da kayan aiki da takalmi a ƙafa, mai gadi na bin ta yana cewa ba a shiga da takalmi. Ta sunkuya ta raɗa masa kalma biyu a kunne. Ya miƙe zumbur, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa da rigarsa, allon dara ya bi shi.

“Ku ciro shi!” in ji Kawu Vilmos. “Ku ciro shi kafin ya dafa ƙanen wanda ke cikin Piroska!”

Suka tura shi waje su huɗu, yana tari yana dariya yana kuka gaba ɗaya. Har yau Kawu Vilmos, da ya haura tamanin, ya nace cewa shi ke kan nasara a wasan nan.

Aka haifi Ilka a watan Mayu. Benedek ya ci gaba da zama a kan kujera don neman ƙane, ƙanen bai zo ba, bai kuma dame su ba. Kafin nan ya saba, ya ce daga sama ma ya fi ganin allo. Lokaci-lokaci wani sabon ango kan fito daga ruwa ya zauna kusa da shi kamar mai kallon wasa, ya yi ƙasa da murya ya yi tambaya. Benedek ba ya tona kowa. Yakan ce, “Je ka ga likita tukuna, kai da kanka, kada ka tura matarka. Sannan ka sayi alli.”

Ilka yanzu malamar lissafi ce a makarantar garinmu, kuma babu tsohon da ke cikin kwamin nan da ba ta ci ba. Ran Juma'a in ta tashi daga aiki takan biyo, ta tsaya a bayansa tana kallon allo.

“Baba, shiga ruwan mana,” takan ce. “Me kake jira kuma? Ai na riga na zo.”

Shi kuwa sai ya ɗago kai ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya matsa gefe ya ba ta rabin kujerar.