Ba Wannan Kan Ba

A kantin magani, kunya ta sa wani bawan Allah ya ce "kan" ɗansa ke kumbura, aka miƙo masa maganin ciwon kai. Ga shi nan yana zufa, yana kaɗa makullin babur, ƙafarsa ta ƙi tsayawa wuri guda. Da ƙyar ya furta: fatar gaban yaron ce, karo na uku, fitsari sai da kuka. Mai kanti ya ba shi man shafawa, ya ce ruwan ɗumi, ban da sabulu, kada a ja fatar. Da ganin idon uban, ya kwana biyu bai runtsa ba.

Ni kuwa ina gefe ina jira, bakina ba ya shiru. "Malam, a yanke mana, kowa ya huta!"

Uban ya harare ni. "Likita ya hana, jininsa ba ya tsayawa. Harshenka ne ya yi tsawo, a fara da shi."