Turken da Ba na Jirgi Ba

Rahina ɗiyar Alhaji Na-Allah ce, mai sayar da albasa a kasuwar Malanville. Tun tana ƙarama rediyo ba ya zama lafiya a gidansu, sai ta kwance shi ta ga abin da ke magana a ciki. Ta sha faɗa, ba ta daina ba. Da ta gama karatu a Paraku ta dawo gida ba aiki, sai ta riƙa hawa kabu-kabu kowace Asabar zuwa Garou, garin kakarta. A wata rumfa take tara yara goma sha biyu, tana koya musu haɗa waya da batir, da rubuta wa na'ura umarni a tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, guda ɗaya. Maigari ya ba ta rumfar da sharaɗi: ranar da abin ya jawo fitina, ta kwashe kayanta.

A daminar bara yaran suka ƙera ƙararrawar ambaliya. Turke suka kafa a bakin kogi, suka ɗaura masa wayoyi biyu daga sama. In ruwa ya taɓa wayoyin, sai lasifikar da suka rataya a bishiyar mangwaro ta yi kuka. Asabe, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta rubuta umarnin. Sau bakwai Rahina ta gwada da ruwan buta, bai taɓa kuskure ba.

Wata Talata da hantsi tana rumfar babanta, kakarta ta kira ta tana haki: lasifika na kuka, gari ya watse. Rahina ta dubi sama, ko gajimare babu. Ta hau babur ta nufi Garou.

Ta iske mata a kan tudu da tabarmi da awaki, maza sun baro gonakin shinkafa. Wata tsohuwa, Inna Salamatou, ta faɗi garin gudu ta gurɗe ƙafa. Kogi kuwa yana inda yake jiya. Turken ne kwance cikin ruwa da igiya a wuyansa, jirgin Maigandi masunci na lilo a ƙarshen igiyar.

Bayan azahar aka taru a ƙofar maigari.

"Ni na ga turke sabo," in ji Maigandi. "Tun kakana, turke bakin gulbi na jirgi ne. Mi na yi?"

"Na yara ne!" wani ya ce daga baya.

"Yaran jirgi gare su?" in ji Maigandi.

Aka yi dariya, ban da maigari. Ya dubi Rahina.

"Ɗiyar Na-Allah, kin tuna yadda muka yi da ke?"

"Na tuna, Baba."

"To gobe in ruwan gaske ya taho, wanga abu ya yi kuka, wa za ya tashi?"

Rahina ta waiga. Ta hango Asabe a bayan mata, ta cusa fuska cikin hijabi. Sau bakwai Rahina ta gwada waya, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi masu kogin ba.

"Baba, laihina ne, ba na yara ba," ta ce. Ta juya ga masuncin. "Baba Maigandi, ina ne jirgi ba ya tsayawa?"

Maigandi ya sosa gemu. "Yanzu kika zo. Gindin ƙayar nan ta yamma. Ko mahaukaci ba ya ɗaure jirgi can."

"Ƙahwata hwa?" in ji Inna Salamatou daga kan tabarma. "Ita ma ku kai ta gindin ƙaya?"

Maigari ya ce rumfar tana hannun Rahina har ruwa ya janye. In abin ya sake kukan ƙarya, magana ta ƙare. Kuma Maigandi ne zai kafa turken da hannunsa.

Ran Asabar yara tara suka zo, uku iyayensu sun hana. Maigandi ya zauna a ƙarshen benci, Asabe tana nuna masa wayoyin, shi kuma yana gyara mata tsayin da ruwa ke kaiwa kafin ya shiga gonaki. Ƙasa da inda suka ɗaura da farko ne, da taƙi biyu.

Rahina ta rubuta hakan a allo. Har yau in wayarta ta yi ƙara, sai ta dubi sama kafin ta ɗauka.