Rabin Maganar da Na Bar wa Baffa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a teburin mai shayi kusa da tashar Illela, rediyonsa na ta surutu, sai na ji wani shiri da ake jefa rabin karin magana, masu sauraro su bugo waya su cika. Mai gabatarwa ya jefo wani da ya shafi amana. Kafin ya rufe baki sauran ya riga ya zo mini kan harshe, ba tare da na kira shi ba. Na ajiye kofin, shayin ya fita raina. Mai shayi ya tambaye ni ko sukari ne ya yi yawa, na ce a'a, na tashi na kama hanya.

Ka san akwai abin da mutum ke haddacewa da gangan, akwai kuma wanda ke shiga jikinsa bai sani ba. Karin magana a gidanmu irin na biyun ne, kuma daga bakin Kaka muka sha shi. Kaka ita ce ta haifi babana. Daga wani ƙauye na ƙetare aka kawo ta, can wajen Ƙonni, tun lokacin da ba wanda ya damu da inda iyaka ta bi. Abin da na fi tunawa da ita shi ne zamanta a gindin dogonyaron tsakar gida, ƙafafu a miƙe, tana saƙar faifai, bakinta ja da goro. Ni take kira maigida, ta ce rowata ce ta sa ta rame, ni kuwa in ce tsufanta ne ya sa zan sake ta.

Tana da wata ɗabi'a. Kaka ba ta taɓa ƙarasa karin magana. Rabi take jefowa ta yi shiru, ta ɗago ido ta dube ka. In ka cika mata, ka yarda ke nan, magana ta ƙare, ba a sake tayar da ita. In ba ka yarda ba sai ka kame bakinka, ita kuma ta san da sauran zance. Haka ake raba faɗan yara a gidanmu, haka ake sasanta mata a kan tukunya ko turmi. Har maƙwabta sun ɗauki abin, domin kunya ce babba ka cika magana da bakinka a gaban mutane sannan ka dawo kana musu.

Duk cikin 'ya'yanta ba wanda ya kwashe wannan baiwa kamar autanta, ƙanen babana, wanda muke kira Baffa. Dillalin dabbobi ne a kara, wato kasuwar shanu. Ranar kasuwa in ka ga Bafulatani ya ja igiyar sansa zai tafi, mai saye ya juya baya, to ka jira Baffa ya iso. Zai kama hannun wannan ya kama na wancan, ya jefa musu magana biyu uku, sai ka ga suna dariya ana tafawa. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye maka ba. Shi ke ɗora ni a gaban kekensa zuwa lambu, yana jefo rabi ina cikawa, in na kuskure ya ja mini kunne, in na dace ya saya mini rake.

Lambun na babana ne, a fadamar bayan gari ta wajen hanyar Araba. Ba babba ba ne, amma ƙasarsa baƙa ce mai riƙe ruwa. Da sanyi ya shigo ake dashen albasa. Babana zai tsaya a bakin rijiya yana jan jigo, itacen na kuka, ruwa na bin 'yar hanyarsa daga wannan fangali zuwa wancan, ni kuma ina toshewa ina buɗewa da hannu, laka har gwiwa. In aka zo cira, warin lawashi kan bi mu har gida, Kaka ta daka shi ta shanya gabu a kan tabarma. A kusurwar gabas akwai mangwaron da babana ya dasa shekarar da aka haife ni. Yakan ce mu biyu yake raino, a ga wanda zai fara amfanar gida.

Wata damina ciwo ya kama babana. Wata rana bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi, ya sa aka kira Baffa. Kaka na zaune a bakin gadonsa, ni ina tsugune kusa da ita. Babana ya nuna ni da haɓa ya ce, "Lambun ga na yaron ga na. Ka riƙa mai har shi iya jan jigo shi ɗai." Kaka ta jefo rabin nan na amana, wanda na ji a rediyo shekaranjiya. Baffa ya cika shi da hawaye a fuska. A wurinmu wannan ya fi rantsuwa, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin kiran shaidu. Babana bai ga girbin shekarar ba.

Zan faɗi gaskiya ko a kan wanda ya cuce ni. Shekarun farko Baffa ya riƙe lambun da kyau. Daga cikinsa aka ciyar da mu, ni da mahaifiyata da ƙannena, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na tashi ina aiki a cikinsa, kafaɗata ta buɗe, har na fara jan jigo daga safe zuwa azahar ba mai karɓa ta. Ina jiran ranar da Baffa zai dafa ni ya ce ga kayanka. A cikin shekarun ne hanya ta buɗe, manyan motoci suka yawaita, 'yan kasuwa suka shiga neman fili kusa da titi don gina sito.

Wata safiya da bazara, an gama cirar albasa, na je lambu na tarar da mutane da igiya da turaku suna awo. Mangwaron yana cikin igiyar. Na tambayi wanda ke kafa turke, ya ce wani Alhaji ne ya saya daga hannun mai shi. Na ce wane mai shi? Ya dube ni kamar wanda ya ga mahaukaci, ya ci gaba da bugun turkensa.

Mahaifiyata ta kai kuka ga mai unguwa, aka sa zama a zaurensa. Dattawan unguwa duk sun zo, da limami, da abokan babana. Na shirya abin da zan faɗa tun a hanya, kuma na faɗe shi. Baffa bai musa ko kalma ɗaya ba. Ya gyara zama, ya yi salati, sai ya jefo rabin wani kari a kan hangen nesa na babba. Dattawa suka cika. Ya ce lambu wahala ce, yaro bai san inda duniya ta dosa ba, ya jefo wani a kan haƙuri. Suka cika. Ya kawo na wanda ya raine ka da abin da ke kanka nasa. Suka cika, har da gyaɗa kai.

Kada ka ɗauka duk suna bayansa. Na ga aminin babana ya sunkuyar da kai bayan ya cika na biyun, kamar wanda ya taka abu a duhu. Amma baki ya saba, ba ya jiran zuciya. Kuma duk wanda ya cika sau ɗaya ya ɗaure kansa, ta yaya zai miƙe ya ce bai yarda ba? Baffa ya san da haka sarai. A cinyar Kaka ya koya, a kara ya wasa shi, ranar nan ya zo ya yanka mu da shi.

Ana cikin haka sai ga Kaka da sandarta. Ba ta shiga ba, ta tsaya a ƙofar zaure. Ban taɓa jin ta yi magana tsirara haka ba, ba kari ba kewaye. Ta ce, "Auta, ranar da yayanka na kwance, mi nac ce, kai kuma mi kac ce?"

Baffa ya sassauta murya ya ce, "Inna, ai ke kinka koya muna." Sai ya jefo mata nata, wanda ta fi so duk cikinsu, wanda take faɗa in akuya ta mutu ko randa ta fashe, na sakin abin duniya in ya tafi. Zauren gaba ɗaya ya cika shi da murya ɗaya. Wallahi har ni na ji leɓena ya motsa. Kaka kaɗai ce ba ta cika ba. Ta tsaya tana duban ɗanta, haɓarta a kan sanda. Mai unguwa ya ce to tunda an yi daidai a shafa fatiha, hannuwa suka tashi sama. Kafin a shafa ta juya ta tafi gida.

Ba a yi sati ba aka sare mangwaron, 'ya'yansa ɗanyu a jiki. Aka cike rijiyar, aka tayar da bango. Ni kuma na koma dakon buhunan albasar wasu a tasha, da haka na lallaɓa har na samu 'yar rumfata. Lambun ya yi mini ciwo, har gobe yana yi. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka. Daga ranar nan ba ta sake jefa karin magana ba har ta koma ga Mahaliccinta. In tana son ruwa ta ce a ba ta ruwa, in yara na faɗa ta ce su bari. Wata rana na zauna kusa da ita a gindin dogonyaro, na jefa mata wani rabi na wasa don in ga ta yi dariya. Ba ta ɗago daga faifanta ba ta ce, "Maigida, in kana da magana hwaɗe ta duka."

Na daɗe ina jin haushin Baffa, da dattawan nan, da kalmomin su kansu. Na ɗauka su katanga ce da aka gina mana, ashe kowa na iya ɗaukarsu ya yi abin da ya ga dama. Ban yanke zumunci ba, ina zuwa suna ina zuwa jana'iza, amma gaisuwa ce kawai tsakanina da Baffa.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce babban ɗansa ya zo rumfata ya ce tsoho na nemana. Na je da azahar. Baffa ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, yana kwance a kan katifa a inuwar baranda, jikokinsa kewaye da shi kowa da waya a hannu. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka zo?" Na ce na zo, Baffa. Ya yi tari, sannan ya jefo rabin wani kari a kan jini ɗaya da yafiya. Ya saki kunne yana jira.

Ba wanda ya cika. Yaran nan ba su san shi ba, ko ɗaya. Wata 'yar ƙarama ta ɗago kai ta ce, "Baba Tsoho, mi kaka cewa?" Ni na san shi. Yana nan kan harshena kamar yadda ya zo mini a teburin mai shayi, kuma na san abin da cika shi ke nufi. Tausayinsa ya kama ni, ba zan ce bai kama ni ba. Amma na ce masa, "Baffa, in kana da magana ka faɗe ta duka." Daga baya ya saki hannuna, ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Yanzu kullum sai ka ji manya na kukan cewa yaran zamani ba su san karin magana ba, an bar gado ana bin waya. Ni ma nakan ji kewar abin, musamman in na tuna da bakin Kaka ja da goro. Sai dai ban iya yin kukan da zuciya ɗaya ba, domin na ga zauren da kowa ya iya, na ga barandar da ba wanda ya iya, kuma a barandar ne kaɗai aka bar mutum shi da maganarsa. 'Ya'yana na koya musu kaɗan, amma na gaya musu kada su cika wa kowa sai sun ji inda ya dosa.

Baffa na nan da rai. Hanyar gidansa ta bayan bangon sito take bi, daidai inda mangwaron yake a da. Nakan je in gaishe shi ranar Juma'a, in zauna kusa da katifarsa in ba shi lokaci. Kalma uku ce kawai nake jira, ya ce na ci amanarka, ni kuma amsata a shirye take tun tuni. Har yanzu rabi yake jefowa.