Kawu, Fumfuna da Dabbar Teku

Shekara talatin Kawuna ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, kuma babban aikinsa shi ne lalata burodi. Sai ya yayyafa masa ruwa, ya rufe a kwalba, ya ajiye a kabad kwana biyar har fumfuna ta lulluɓe shi, don ɗalibai su leƙa ta a na'urar ƙara girma. Matarsa takan ce, "Mazan mutane na kawo burodi gida, ni nawa ruɓar da shi yake yi."

A bangon ɗakin akwai tsohon hoton babbar dabbar tekun nan, wadda ta fi tirela tsawo amma take shayar da ɗanta nono. Kawu bai taɓa ganin teku ba, sai dai ya ƙwallafa rai a kanta. Yakan ce mini, "Ita fumfuna ko ba ka gayyace ta ba tana zuwa. Waccan kuwa sai ka je, ka jira, in ta ga dama ta fito. Sau ɗaya dai nake so in gan ta."

Bayan ya yi ritaya ya fara gani dishi-dishi, likita kuma ya ce abin gaba zai yi. 'Yarsa, mai aiki a wani gari na bakin teku, ta aiko ya zo tun da sauran gani. Ni na raka shi, kwana biyu a mota.

Washegari 'yarsa ta shiga da mu jirgin ruwan da ke kai mutane kallon dabbar. Awa uku muna ciki, shiru kake ji. Can sai mutane suka ɗauki ihu. Ga ta nan, baƙa wuluk, kamar tudu ya taso daga ruwa. Na yi maza na miƙa wa Kawu madubin hangen nesa. Ya karɓa, sai ya yi abin da ya shekara talatin yana koya wa ɗalibai: ya ciro hankici, ya hura gilashin, ya goge na dama, ya goge na hagu, a natse. Kafin ya kai shi ido, ta nutse. Wallahi ji na yi kamar in rufe shi da faɗa, kamar kuma in fashe da kuka.

"Baba, ka gan ta?" in ji 'yarsa.

"Na ji numfashinta," ya ce. "Kamar na mutumin da ya gaji."

Jirgi ya juya zai koma gaɓa. Kawu ya juya mana baya, madubin manne a idonsa, yana duban inda muka baro.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "roƙar mini mai tuƙin ya ɗan rage gudu."