Ɗaurin kallabi a gefen hagu

Shekarun baya, ina gama jami'a na sami ɗan aiki a wata cibiyar darussan intanet kusa da unguwar Kawukudi. Aikina shi ne rubuta gajeren bayani a bayan kowane hoto, don wayar makafi ta karanta musu shi da murya. An ce mana kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Ni kuwa da ma tsoron kuskure kamar da shi aka haife ni, sai na riƙe dokar nan fiye da wanda ya kafa ta.

Gwaggona da ke unguwar Mamobi ciwon suga ya tafi da ganinta. Da, atamfa take sayarwa a kasuwar Nima. Da aka yi bikin dangi a Kumasi ba ta iya zuwa ba, sai na tura mata hotunan ta imel da bayanina: "Mata a tsaye a wurin biki."

Ranar Asabar na je gaishe ta.

"Kai, ɗan boko," ta ce, "kuɗin makaranta duk na wannan ne? Mata! Da awaki na zata?"

Na yi ta kame-kame. Ashe abu ɗaya take son ji: ko ƙanwarta, da suka yi shekaru ba sa magana, ta sa ankon da ita Gwaggon ta aika mata.

"Gwaggo, akwai wata a baya, wataƙila ita ce, amma fuskar ba ta fito ba, kuma ban so in..."

"Bar fuska. Duba kallabin. Ita kaɗai ke karkata shi hagu, tun muna yara."

Na buɗe hoton sosai. A hagu yake, kuma ankon ne a jikinta.

"To rubuta. Wayar nake so ta faɗa."

Na gyara, na sake turawa. Muryar wayar ta karanta da Hausarta ta Bature: "Ƙanwarki tana baya, ta sa ankon, kallabi a hagu." Sau huɗu ta saurara, tana shafa bakin zanenta. Sannan ta ce in nemo mata lambar wayar ƙanwar.

Gwaggo ta rasu kafin azumin da ya biyo baya, ƙanwar ce ke riƙe da hannunta.

Har yau ina wannan aikin, kuma ban daina tsoron kuskure ba. Sai dai yanzu kafin in rubuta nakan tambayi kaina me mai sauraro ke jiran ji. Imel ɗin na nan. Wani lokaci a cikin trotro, motar haya, nakan sa abin kunne, in rufe ido, in bar wayar ta karanta min.